Kibiyar da Ribas Ya Zana

Yayana bai taɓa cewa "ban sani ba" a gabana ba, sai sau ɗaya tak. Tun muna yara haka yake. In ka tambaye shi abin da ya fi ƙarfinsa sai ya haɗe rai, ya ce yanzu ba lokacin tambaya ba ne, tashi ka ba shi wuri. Ya rasu bara, Allah ya jiƙansa, kuma ba zan yi masa ƙarya don ya kwanta dama ba: mutum ne mai kirki, mai hannu, mai taurin kai na gasken gaske. Ni ƙanwarsa ce, na zauna a gidansa fiye da rabin rayuwata, don haka in na faɗi halinsa na san abin da nake faɗa.

Sana'arsa ta farko gyaran wayoyin mota ce. Rumfa ce a bakin titi, da benci ɗaya, da batura jere a ƙasa, rigarsa kullum huji-huji saboda ruwan batir. Direba zai kawo motar da ta gagari kowa, Yaya ya zura hannu ƙarƙashin sitiyari ko leƙawa bai yi ba, ya laluba, ya ce ga wayar da ta yi zafi. Saboda wannan hannun nasa makarantar koyon sana'a ta ɗauke shi ya kula da ɗakin gwaji na sashen lantarki. Aikinsa ya jera kaya, ya gyara abin da yara suka ƙona, ya kulle ƙofa. Ana nan sai malamin sashen ya samu wani aiki ya tafi, shugaban makaranta ya miƙa wa Yaya alli ya ce ya riƙe ajin kafin a turo wani. Ba a taɓa turowa ba. Abin da malamin ya bari littafi ne guda mai tambayoyi da zane-zane da amsoshi, Yaya kuwa ya zauna ya haddace shi kaf, don ya fi tsoron a kama shi bai sani ba fiye da yadda yake tsoron wutar kanta.

Dokoki biyu ne ƙashin bayan karatun nasa, kuma ni da ko ƙwan fitila ban iya canzawa ba na haddace su, don a gidanmu ba a gama cin abinci ba a ji su ba. Ta farko: duk inda wayoyi suka haɗu, wutar da ta shiga mahaɗar ita ce za ta fita, ba ƙari ba ragi. Ta biyu: in ka bi waya ka zagaya ka dawo inda ka tashi, ƙarfin da batir ya bayar da wanda kayan da ke kan hanya suka cinye dole su zo daidai. Ya maimaita ta farkon har ɗalibai suka laƙaba masa Malam Mahaɗa. Ya san da sunan, yana yi kamar bai sani ba, amma na lura yana jin daɗinsa.

Yana da wani allon katako da ya haɗa da hannunsa. Ƙusoshi ne mahaɗun. A hagu ana jona batirin mota, a dama ƙaramin batirin babur, a tsakani akwai guntayen wayar hita uku da ya nannaɗe don su rage gudun wuta. Da wannan allo da wata tsohuwar mitar auna wuta mai allura ya koyar da yaran da a yau su ke ja wa rabin gidajen unguwarmu waya. Ranar hutu yakan kawo allon gida ya goge shi da tsumma, matarsa tana mitar cewa ko 'ya'yansa ba ya shafa wa mai haka.

Mijina ya rasu ɗana yana rarrafe, Yaya ya zo da kansa ya kwashe mu ya ba mu ɗakin baya. Yaron ya ci sunan mahaifinmu, shi ya sa nake ce masa Babana, Yaya kuma yana tsokanarsa da Tsoho. 'Ya'yan Yaya babu wanda ya damu da waya, gudunta ma suke yi. Shi kuwa Babana tun bai iya ɗaura wando ba yake tsugune a gefen kawunsa yana miƙa masa filaya. Ya kwance mini tocila, ya kwance rediyo, ya taɓa kwance agogon bangon matar Yaya har aka kusa raba zumunci. In na ɗauko bulala sai Yaya ya tare, ya ce, "Ki bar mini Tsoho, wannan shi zai gaje ni." Da ya isa shiga makarantar sana'a babu wanda ya tambaye shi sashen da yake so.

Abin da ya faru a ajin ba a gabana aka yi ba. Abokin Babana ne ya fara ba ni labari, daga baya Yaya da bakinsa ya cike mini sauran.

A irin wannan lissafin, kafin a fara sai an zana 'yar kibiya a kan kowace waya, ta nuna inda wuta ta nufa. A littafin tsohon malamin kibiyoyin a zane suke, Yaya kuma yana kwafe su yadda ya gan su, a zatonsa su ma cikin doka suke. Ran nan ya zana da'irar batura biyun nan a allon aji, bai kai ga sa kibiyoyi ba aka aiko shugaban makaranta yana kiransa. Ya ce wanda ya isa ya gwada kafin ya dawo. Babana ya tashi ya ɗauki alli. Ya zana kibiyoyinsa da kansa, ta wajen ƙaramin batir ya nuna ta tana fita daga jan kan batirin, don a hankalce daga nan wuta ke fitowa. Ya bi dokokin nan biyu tiryan-tiryan. Sauran wayoyin suka ba shi amsa lafiya lau, amma ta ƙaramin batir ta fito da biyu da alamar debewa a gabanta.

Yaya ya dawo ya duba littafi, littafi ya ce biyu. Ya duba allo, allo ya ce debe biyu. Ya tambayi wanda ya yi wannan aika-aika. Babana ya miƙe, ya ce shi ne, kuma ya sake bi bai ga kuskure ba, wataƙila wutar ce ba ta bin inda kibiyar ta nuna. Cikin zumuɗi sai bakinsa ya suɓuce, maimakon Malam ya ce, "Kawu, duba ka gani." Aji ya fashe da dariya. Yaya ba ya son a ce yana fifita nasa, kuma ba ya son yaro ya ja da shi a gaban yara, ga su duka biyun sun haɗu masa a lokaci ɗaya. Ya ce, "To jama'a, yau mun samu sabon ilimi. Ga wanda wutarsa ke yin ribas kamar motar kaya." Ya ɗauki tsumma ya goge aikin duka, ya zana kibiyoyin littafi, ya fitar da biyu. Kafin a tashi daga makaranta sunan Babana ya koma Ribas.

Ranar Babana ya dawo ya ci abinci ya shige ɗaki. Kwanaki ina ganinsa a bakin ƙofar ɗakinmu da takarda, yana yi yana gogewa, amsa ɗaya take ba shi. Ya sake samun kawunsa su biyu a tsakar gida, ina daga ciki ina ji. Yaya ko karɓar takardar bai yi ba. Ya ce, "Wato littafi ya yi ƙarya, ni ma na yi ƙarya, kai kaɗai ne mai gaskiya? Wuta ba ta san debewa ba. In kanka ba ya ɗaukar lissafi ka faɗa, ba abin kunya ba ne." Na fito na ce masa haba Yaya, ko da yaron bai yi daidai ba ai ba a yi masa haka a bainar jama'a. Ya ce a aji ba shi da ɗa. Muka yi ta, har matarsa ta shiga tsakani.

Babana ya ƙarasa zangon karatun da ƙyar, da aka koma bai koma ba. Ba faɗa, ba kuka. Ya ce mini kawai ya gane lantarki ba nasa ba ne, kuma telan bakin layinmu ya ce zai koya masa ɗinki. Yaya ya yi fushi na wata da watanni, yana cewa yaran yanzu ba sa jure gyara. Sunan kuwa ya bi yaron har shago, ya zauna daram. Babana ya ƙware, ya buɗe nasa wurin, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya ɗauke ni na koma gidansa. Masu kawo ɗinki suna ce masa Ribas, a tunaninsu daga ɗan ƙarfen keken ɗinki mai mayar da zare baya sunan ya samo asali, shi kuma bai taɓa gyara musu ba. Da kawunsa babu gaba ko kaɗan. Yana zuwa gaishe shi, yana durƙusawa har ƙasa, ciwo ko biki shi ne a gaba. Amma ko soket ɗin shagonsa ya lalace sai ya kira mai gyara.

Saura 'yan shekaru Yaya ya yi ritaya aka kawo wa makarantar sababbin mitoci, irin masu nuna lamba a gilashi. Wata rana da la'asar sai ga shi a ɗakina. Na ba shi ruwa bai sha ba. Ya zauna a bakin gado yana juya hularsa a hannu, na ɗauka wani ne ya mutu.

Ya ce, "Yau na jona sabuwar mita a allona, ta wajen ƙaramin batir. Na juya wayoyin ban lura ba. Kin san abin da ta rubuta?"

Na ce ina zan sani.

"Debe biyu." Ya ajiye hular a gwiwarsa. "Na juya su daidai, ta ce biyu. Na sake juyawa, ta ce debe biyu. Wuta ɗaya ce, ba ta canza ba. Babban batirin ne ke tura wuta cikin ƙaramin, tana shiga ta jan kansa maimakon ta fita. In kibiyarka ta kalli inda wutar ta nufa, ka samu biyu. In ta kalli ɗaya gefen, lissafin da kansa zai gaya maka ka juya, da wannan alamar. Ko ina ka ga dama ka zana kibiyar, dokar ba ruwanta."

Ni dai ban gane rabin maganar ba, amma na gane inda ta dosa.

Ya ce, "Tsohuwar mitar ba ta da yadda za ta rubuta debewa. In an juya wayoyi sai allurar ta koma baya ta jingina da ɗan ƙarfe. Sau nawa na ga haka, in daka wa yaro tsawa in ce juya wayoyinka, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina abin da allurar ke faɗa ba. Tsoho ya yi daidai. Ya ma fi littafin, don shi ba a zana masa hanya ba."

Wallahi na so in zage shi. Na tuna yaron nan a bakin ƙofa yana goge takarda har ta huje. Amma ga tsoho da furfura yana kallon ƙasa, sai na ce kawai, "To ka tashi ka je ka faɗa masa. Shagon ba nisa."

Ya ce zai je.

Kuma ya je, ba sau ɗaya ba. Sai dai duk zuwan da zai yi da yadi a hammata yake zuwa. Ya zauna a bencin shago, a gwada shi, su yi hirar tsadar zare da ciwon gwiwa, ya buɗe baki kamar zai faɗa, sai ya ce a sa masa aljihu biyu. Mutumin da ya yi shekaru da riguna uku sai ga durowarsa ta ƙi rufuwa. Matarsa ta fara zargin ko aure zai ƙara. Ya canza wa shagon wayoyi kyauta, ya sa masa fanka, ya saya wa jikokina keke. Duk lokacin da ya biyo ta ɗakina nakan tambaye shi da ido, ya kau da kai ya ce yau akwai mutane a wurin. Na ce bari ni in faɗa masa, ya ce in na yi haka bai yafe ba, maganar daga bakinsa ta fita, daga bakinsa za ta koma.

A aji kuwa ya canza. Ɗalibansa na ƙarshe sun ce yakan zana da'ira ya miƙa alli, ya ce kowa ya sa kibiyarsa inda ransa ya ba shi. In amsa ta fito da debewa har tafi yake sa a yi. Yakan ce musu wani yaro ne ya koya masa wannan tun da daɗewa. Ya faɗa wa yaran mutane aji bayan aji, amma mai maganar yana nan ƙarshen layi yana taka keke, bai ji ba.

Bayan ritaya zuciyarsa ta fara ba shi matsala, hannun nan da ake ji da shi ya soma rawa. Wata safiya ya aiko jikarsa ta kira ni. Na same shi a tsakar gida ya fito da allon, wanda makaranta ta bar masa don babu mai so, ya goge shi tas. Ya ce mai tasi zai ɗauki babban batirin, ni in riƙe ƙaramin, shi zai rungumi allon. Ban tambaye shi ina za mu ba.

Mun sami Babana da tsinken allura a baki, yana yanka wani farin yadi a kan tebur. Ya taso da sauri ya karɓi kayan, yana cewa Kawu ai da ka aiko na zo. Yaya ya ce a matsar da yadin. Ya ɗora allon a kan teburin yanka, ya jona batura, hannunsa yana karkarwa har sai da na riƙe masa waya ɗaya. Ya ciro guntun allin tela ya zana da'irar a kan katakon teburin, ya sa kibiyar ƙaramin batir tana fita daga jan kai. Sannan ya jona mita. Lambar ta fito da 'yar alamarta a gaba.

Ya ce, "Tsoho, ka tuna wannan?"

Babana ya sunkuya ya duba zanen, ya duba mitar, ya yi murmushi irin na ladabi. Ya ce, "Kawu, allonka ne na makaranta, na gane shi."

"Lissafin nake nufi. Ranar da ka fitar da debe biyu na goge. Kai ne ka yi daidai. Ni ne ban sani ba."

Tun da uwarmu ta haife ni ban taɓa jin wannan kalma daga bakinsa ba. Na zuba wa ɗana ido ina jiran in ga ko zai yi kuka, ko zai yi fushi, ko ma ya yi dariya, duk wanda ya zo zan karɓa.

Ya sake kallon zanen, ya daɗe, yana bin layukan da ido kamar mai duba rubutun wani harshe. Sannan ya sosa ƙeya ya ce, "Wallahi Kawu ban gane komai a nan ba. Ai ka san ni da lissafi, kaina bai taɓa ɗauka ba tun asali. Gara ma da ka gaya mini gaskiya da wuri, ka hutar da ni."

Yaya ya ce a'a, ba haka ba ne, ya saurara. Ya fara daga farko, dokar mahaɗa, dokar zagaye, babban batir yana tura ƙarami, yana nuna ƙusoshi da yatsa, numfashinsa yana sarƙewa. Ya juya wayoyin mitar, ya sake juyawa, ya ce ka gani, ka gani. Babana yana tsaye hannuwa a baya yana gyaɗa kai a duk inda ya kamata. Da Yaya ya gama ya tambaye shi ko yanzu ya yarda shi ne mai gaskiya.

Ya ce, "To Kawu. Yadda ka ce haka ne."

Wata mata ta leƙo tana tambayar ko an gama mata ɗinkinta. Babana ya ba ta haƙuri, ya ce ta ɗan jira yana da baƙi. Yaya ya tsaya yana kallon mitar, sannan ya zare wayoyin a hankali ya nannaɗe su. Babana ya kai mana kayan har cikin tasi, ya ce wa kawunsa rigarsa ta wancan makon ta kusa, saura maɓalli. Da motar ta tashi na waiwaya, na hango shi ta ƙofar shago ya ɗauki tsumma yana goge allin daga teburin don kada ya ɓata farin yadin.

Muka kama hanya har muka kusa gida. Yaya ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Ina ma a ce ya yi mini musu." Batirin babur ɗin yana kan cinyata, ya ɗiga mini ruwa ya huda zanena, ban lura ba sai da na sauka.

Bai ƙara wata uku ba a duniya. Rigar da ke jiran maɓalli tana nan a shagon, Babana ya rataye ta a leda ya ƙi bayarwa. Allon kuma yana ƙarƙashin gadona. Ƙaramar jikata takan jawo shi ta tambaye ni mene ne wannan, ni kuma in ce mata na kawun babanta ne, ta mayar kada ƙusa ta soke ta.